Mas'alar Cire Salansa: Ƙara da Gudu, Daga Filin Tsere Zuwa Titunan Gadarif

 

Mas'alar da na zo da ita gabanku a yau ba ta cikin manyan mas'aloli da ake tara jama'a dominsu, amma tun da yake ba a rasa mai tambaya a kanta a kowane gareji, kuma ba a rasa mai ba da fatawa a kanta ba tare da hujja ba, na ga ya kyautu a zauna a tsefe ta sau ɗaya bisa ƙa'ida. Ita ce: idan mutum ya kwance salansar motarsa ko babur ɗinsa ko raksharsa, wato A Daidaita Sahu, ya bar hayaƙi yana fita daga bakin injin kai tsaye ba tare da wani shamaki ba, shin abin hawan nan zai ƙara gudu, ko kuwa ƙara kawai zai ƙara? Samari sun ce gudu yake ƙarawa, kuma dalilinsu shi ne abin da suke gani a wayoyinsu na motocin tsere a Amurka da ƙasashen Larabawa na Gabas. Dattawan bakanikai kuma sun ce injin yana bukatar abin da zai tare numfashinsa kaɗan, in ba haka ba sai ya rasa ƙarfi. Abin da zan yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne cewa kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya ya ɗora masa illar da ba tasa ba.

Ba abin mamaki ba ne a yi wannan muhawara a Gadarif, domin gari ne wanda arzikinsa ya rataya a wuyan injin tun kafin a haifi mafi yawanmu. Jirgin ƙasa ya iso nan a 1928. A tsakiyar shekarun 1940, daidai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara noman dawa da tarakta a baƙar ƙasar Gadambaliya da ke yamma da gari. A 1968 aka kafa hukumar noman inji ta ƙasa, gonaki suka yi ta faɗaɗa har Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan. Hausawan da suka zauna a wannan yanki, jikokin mahajjatan da suka biyo hanyar gabas da ƙafa da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sun shiga wannan harka ta kowace ƙofa, daga yankan riɗi da dako a kasuwar amfanin gona har tuƙi da gyaran injin. Kuma duk wanda ya san abin da ustocin garejin Sudan suka yi wa babbar motar nan ta Ingila, Bedford TJ, wadda ake kira Sifinja, yadda suka kwance ta suka ƙarfafa ƙashin bayanta suka sake gina ta har ta ɗauki kayan da masu ƙera ta ba su yi mafarkinsu ba, har wani masanin Jamus, Kurt Beck, ya zo ya yi nazari a kan sana'arsu, ba zai raina ijtihadin mutanen gareji ba. Saboda haka ban zo in ce kada a taɓa abin da kamfani ya ƙera ba. Na zo ne in ce a san abin da ake taɓawa.

Asalin da ake ƙiyasi a kansa

Tseren da ya haifi wannan al'ada ya samo asali ne a Kaliforniya ta Amurka, inda samari bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka riƙa gwada motocinsu biyu-biyu a kan miƙaƙƙiyar hanya, daga tsaye cik zuwa wani layi. A 1950 aka buɗe filin Santa Ana a kan wani titin saukar jirage, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda har yau ita ce ke riƙe da ragamar wasan. Tsawon filin rubu'in mil ne, wato ƙafa 1,320 ko mita 402, kuma babu kwana, babu hawa, babu gangare. Direba yana taka totur har ƙasa tun daga farko, ba ya ɗagawa sai ya ƙetare layi. A ajin ƙoli, wanda ake kira Top Fuel, an rage tsawon zuwa ƙafa 1,000, kimanin mita 305, a shekarar 2008, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a filin Englishtown, domin motocin sun fi ƙarfin wurin tsayawa. Motar wannan aji tana cinye waɗannan mitoci cikin ƙasa da daƙiƙa 4, tana ƙetare layi da gudun da ya haura kilomita 500 a awa, kuma ana ƙiyasta ƙarfin injinta da doki 11,000. Larabawa ma sun shiga: akwai filayen wannan tsere a Bahrain da Katar da Abu Dabi, kuma ƙungiyar Al-Anabi ta Katar ta ci kambun Top Fuel a Amurka a 2010 da 2011 da 2013. Daga nan ne galibin hotunan suke isowa hannun yaranmu.

Wanda ya kalli irin wannan mota zai ga gajerun bututai takwas, huɗu a kowane gefe, sun karkata sama da baya suna aman wuta, babu salansa ko alamarta, sai ya yanke hukunci cewa sirrin gudun yana cikin rashin salansar. To, amma a duba halin wannan injin. Abin da yake sha galibinsa naitirometan ne, man da ke ɗauke da iskar ƙonewa a jikinsa, kuma yakan cinye fiye da lita 40 a fita guda. A kansa akwai famfo mai ɗura masa iska da mai da ƙarfin tsiya, saboda haka ba ya bukatar dabara wajen jawo numfashi. Bayan kowace fita kuma ana kwance shi gaba ɗaya a sake ɗaurawa. Karkatar bututan zuwa sama ma da hikima aka yi ta, domin ƙarfin hayaƙin da ke fita yana danna motar ƙasa da nauyin ɗaruruwan kilo, tayoyi su ƙara kama kwalta, har ma idan silinda ɗaya ta mutu a gefe guda sai ka ga motar ta karkace. Wannan shi ne asalin. Malaman usulu sun koya mana cewa ba a ɗaukar hukuncin asali a ɗora wa reshe sai illa ta haɗa su, kuma ƙiyasin da aka yi shi alhali akwai bambanci ɓatacce ne. Aikinmu ke nan mu nemo illar.

Abin da ke gudana cikin bututu

Injin mai bugu huɗu yana shaƙa, ya matse, ya ƙone, ya fitar. Yawan ƙarfin da zai bayar ya dogara ne ga yawan sabuwar iska da man da suka shiga silinda a kowane zagaye, kuma sabuwar iska ba ta samun wuri sai tsohon hayaƙi ya fita. Idan hanyar fita ta ƙuntata, fistin zai ɓata wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura hayaƙi, ragowar da ta maƙale kuma ta gurɓata abin da zai shigo. Ta wannan fuska samari sun yi gaskiya, kuma maganar da ake yawan ji cewa injin mai bugu huɗu yana son a tare masa numfashi ba ta da tushe: turjiya a hanyar hayaƙi hasara ce a kowane hali. Amma dattawan da suka faɗi haka ba ƙarya suka ƙaga ba, domin sun gani da idonsu an kwance salansa mota ta yi sanyi wajen tashi. Abin da suka gani sahihi ne, fassararsa ce ta kauce.

Bayanin kuwa shi ne, hayaƙi ba ya kwarara a bututu kamar yadda ake zato, fita yake yi bugu-bugu. A duk lokacin da bawul ɗin fitarwa ya buɗe, wata taguwar matsi takan faɗa cikin bututun tana tafiya da saurin sauti, wanda a cikin zazzafan hayaƙi yakan kai kimanin mita 500 a daƙiƙa. Idan ta isa inda bututun ya ƙare ko ya buɗe zuwa wuri mai faɗi, sai wani sashe nata ya juyo baya, amma ya juyo a matsayin zuƙa maimakon turi. Haka kuma shi kansa gungun hayaƙin da ke gudu a siririn bututu yana barin wuri mai ƙarancin matsi a bayansa, kamar yadda babbar mota idan ta wuce a guje a hanyar Doka za ka ga ƙura da ƙaiƙayi sun tashi sun bi ta. To, akwai wani ɗan lokaci a ƙarshen bugun fitarwa, fistin yana can sama, da bawul ɗin fitarwa bai gama rufewa ba alhali na shigarwa ya fara buɗewa. Idan zuƙar nan ta iso bakin silinda daidai wannan lokaci, za ta tsotse ragowar hayaƙi ta kuma jawo sabuwar iska tun kafin fistin ya fara sauka, sai silinda ta cika fiye da yadda za ta cika da kanta. Wannan ita ce illar da muke nema, kuma tsawon bututu da faɗinsa ne ke mulkinta.

Bari mu yi ɗan lissafi domin abin ya fito fili. A ce tsawon bututu daga bawul zuwa mahaɗar bututai santimita 80 ne. Taguwar za ta je ta dawo, mita 1.6 ke nan, cikin kashi 3.2 daga dubu na daƙiƙa. Idan injin yana juyi 6,000 a minti, a cikin wannan ɗan lokaci karanshaf ya juya digiri 115, kuma zuƙar za ta iso a kan kari, ta zarce har lokacin da bawulolin biyu suke buɗe. Idan kuwa injin yana juyi 3,000 ne, tafiyar taguwar ba ta canja ba, amma karanshaf bai wuce digiri 58 ba, sai zuƙar ta iso da wuri ta wuce a banza, mai yiwuwa ma taguwar turi da ke biye da ita ce za ta riski bawul a buɗe, ta mayar da hayaƙi cikin silinda. Ashe bututu guda yana taimako a wani juyi, yana cutarwa a wani. Gajere mai faɗi na juyi mai yawa ne, dogo siriri na juyi kaɗan ne, kuma wanda ya datse bututu ya bar guntu ya tura amfanin zuwa wani juyin da injinsa ba zai taɓa kaiwa ba, ya kuma yi asarar ƙarfin murɗawa na ƙasa wanda da shi ake tashi daga tsaye. Abin da dattawa suka gani ke nan.

Shi ya sa a ajin Pro Stock, inda ba a yarda da famfon ɗura iska ba, injin yana shaƙa da kansa yana juyi har 10,500 a minti, ba za ka ga guntayen bututai ba. Za ka ga huɗu-huɗu masu tsawo ɗaya, an lanƙwasa su da wahala domin tsawon ya daidaita, an tara su a mahaɗa guda wadda aka auna tsawonta da faɗinta, domin bugun kowace silinda ya taimaki 'yar'uwarta. Salansa dai babu, amma abin da ya rage an fi kashe masa tunani fiye da abin da aka cire.

Nawa ne ribar?

A ce an yi komai daidai. Motar da aka ƙera da ƙuntatacciyar salansa, irin na shekarun 1960 da 1970, musamman bayan 1975 da dokokin hayaƙi na Amurka suka sa aka fara ɗora wa motoci tukunyar tace hayaƙi wadda samfurinta na farko yake shaƙe injin ƙwarai, takan sami ƙarin ƙarfi na a zo a gani idan aka buɗe ta, kuma daga wancan zamani ne mafi yawan hikayoyin suka fito. Motar da salansarta mai yalwa ce tun asali kuwa, abin da za ta samu kaɗan ne. Sai dai ko an sami ƙarin, akwai wata ƙa'ida da masu tsere suka daɗe da ganowa ta hanyar jarrabawa, wadda ilmin lissafi ma ya ƙarfafa: lokacin da mota ke ɗauka ta cinye rubu'in mil ba ya raguwa daidai da ƙaruwar ƙarfi, sai an ninka ƙarfin sau takwas kafin lokacin ya ragu da rabi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ƙarin kashi 3 cikin ɗari na ƙarfi yana rage kashi 1 kacal na lokaci. Motar da ke yin daƙiƙa 14 za ta koma 13.86. A filin da ake auna nasara da kashi ɗaya daga dubu na daƙiƙa, ana kuma cin kuɗi a kai, wannan riba ce da ta cancanci a toshe kunne dominta. A kan titin gari kuwa, ko direban kansa ba zai ji ta a jikinsa ba.

Kuma wannan ribar tana da sharaɗi, wanda galibi shi ake mantawa. Idan aka sauƙaƙa fitar hayaƙi, iskar da ke shiga ta ƙaru, amma kafireta tana nan da ƙofar man da aka auna mata tun farko. Fetur yana ƙonewa cif idan aka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi 14.7 na iska bisa nauyi, mafi girman ƙarfi kuwa yana wajen 12.5 zuwa 13, wato sai mai ya ɗan yi yawa. Idan iska ta rinjayi mai, zafi ya hau, ƙarfi ya sauka, bawul ɗin fitarwa ya fara ci, fulogi ya yi fari fat, kuma ƙarar harbin da ake ji idan an saki totur, wadda yara ke alfahari da ita, sau da yawa alama ce ta wannan ciwo. Mai tsere yakan canja ƙofar mai ya sake saita lokacin wuta duk sa'ad da ya taɓa bututu. Motocin zamani masu kwamfuta kuma suna da nasu sha'ani: akwai ma'aunin iska a cikin bututun hayaƙi, idan aka datse bututun kusa da shi, iskar waje takan kutso tsakanin bugu da bugu ta ruɗe shi, ya gaya wa kwamfuta mai ya yi kaɗan, ita kuma ta yi ta ɗura mai babu dalili. Adalci ya sa in ƙara da cewa Gadarif tana bisa tudun da ya kai kimanin mita 600 daga teku, iskarta ta ɗan fi ta Bur Sudan sauƙi, saboda haka kafiretar da aka saita domin bakin teku takan ɗan ba da mai fiye da kima a nan, wanda zai iya rufa wa mai cire salansa asiri na ɗan lokaci. Amma wannan dace ne, ba a gina hukunci a kansa.

Reshe: abin da muke hawa

Mu zo kan raksha, wadda mutanen Kano ke kira A Daidaita Sahu tun zamanin Malam Ibrahim Shekarau, kuma ta cika titunansu bayan hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, kamar yadda ta cika namu. Bajaj ta fetur silinda ɗaya gare ta, ƙarfinta yana wajen doki 10, nauyinta ba kowa a ciki kimanin kilo 350. Ko da mun yi mata kyakkyawan zato muka ce cire salansa ya ƙara mata kashi 3 cikin ɗari, abin da ta samu bai kai sulusin doki ba. Fasinja guda mai kilo 60 kuwa yana ƙara wa nauyinta tare da direba kusan kashi 14. Wato duk ribar da ake hayaniya a kanta, yaro ɗan makaranta idan ya hau ya cinye ta ya nemi ƙari. Bayan haka aikin raksha tashi ne da tsayawa, daga kasuwa zuwa unguwa, da kaya, cikin rami da laka idan damina ta sauka, duk a juyi na ƙasa da na tsakiya, daidai wurin da guntun bututu ya fi yin ɓarna.

Idan kuwa injin mai bugu biyu ne, irin tsofaffin rakshoshi da ƙananan babura masu shan mai haɗe da baƙin mai, to hukuncin ya fi tsanani, kuma a nan ne maganar dattawa ta zama gaskiya tsantsa. Wannan injin ba shi da bawul. Ƙofofi ne a jikin silinda waɗanda fistin ke buɗewa yana rufewa, kuma ƙofar fita tana daɗewa a buɗe bayan sabon mai ya shigo, har wani sashe nasa ya bi hayaƙi ya fice. Injiniyan Jamus ta Gabas Walter Kaaden, na kamfanin MZ, shi ya ƙware wajen ƙera bututu mai kumburin ciki, wanda farkonsa ke zuƙo hayaƙi, ƙarshensa mai tsukewa kuma ya maido da taguwar turi ta cusa man da ya tsere cikin silinda kafin ƙofa ta rufe. A 1961 babur ɗinsa mai sisi 125 ya ba da doki 25, wato doki 200 a kowace lita, abin da ba a taɓa gani ba a injin da ba shi da famfon ɗura iska. A wannan shekara direbansa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma ya kai ilmin ga Suzuki, ya ci musu kambun duniya na ajin sisi 50 a 1962. Bututun irin wannan injin rabin injin ne, kuma wanda ya kwance shi yana zubar da mai ɗanye a titi, da kuɗinsa, a lokacin da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa kowace lita ta zama abin lissafi.

Tarakta da babbar mota kuwa ba sa bukatar dogon bayani. Injin dizal yana shaƙar iska fiye da bukatarsa, famfon mai ne ke ƙayyade ƙarfinsa, kuma juyinsa bai cika wuce 2,000 da 'yan kai ba, saboda haka cire tukunyar salansa ba zai ƙara masa abin kirki ba sai idan ta toshe da baƙin hayaƙi, wanda maganinsa wankewa ne ko sauyawa. Mai turbo ya fi kowa son hanya mai yalwa bayan turbo ɗin, wannan gaskiya ne, amma yalwa ana samunta da faffaɗar salansa. Abin da ya fi damuna a nan shi ne tartsatsi. Tukunyar salansa tana kashe da yawa daga garwashin da injin ke tofarwa, kuma duk wanda ya tsaya a gonar dawa a watan Disamba, kara ya bushe ƙayau, iskar arewa tana kaɗawa, dami na jibge, ya san abin da ƙwayar wuta guda za ta iya yi wa wahalar shekara. Ƙa'idar fiƙihu ta gusar da cuta ta isa hujja a wannan wuri ko da babu dokar hukuma.

Me ya sa, duk da haka, wanda ya cire salansa yake rantsuwa cewa abin hawansa ya ƙara gudu? Ba na tuhumarsa da ƙarya. Ɗan Adam yana auna gudu da kunnensa fiye da yadda yake zato, ƙara da girgiza idan suka ƙaru sai zuciya ta fassara su da sauri, ga shi kuma mai sabon abu yakan murɗa totur fiye da yadda ya saba domin ya ji daɗin abin da ya saya. Kunnen da ake dogara da shi ɗin ma shi ne farkon wanda ke biyan diyya: masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar ƙara a desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har a desibel 100 ya zama minti 15 kacal, alhali direban raksha yana wuni a kan injinsa daga asuba zuwa isha'i. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Ga kuma hayaƙin da aka datse masa hanya a ƙarƙashin kujera, mai ɗauke da iskar gubar nan da ba ta da launi ba ta da wari, yana tashi zuwa hancin mata da yaran da ke zaune a baya.

Wanda bai gamsu da lissafina ba, haƙƙinsa ne ya nemi a gwada, kuma ni ma na fi son haka, da sharaɗin a yi gwajin da zai iya ɗaukar nauyin hukunci. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe da aka killace da izinin hukuma, nesa da babbar hanyar Madani da ta Kasala inda manyan motoci ke zirga-zirga, a auna mita 402 da igiya. Direba ya zama ɗaya, mai a tanki daidai, iskar taya daidai, injin ya yi ɗumi. A yi ta zuwa da dawowa, domin iska da ɗan gangaren da ido ba ya gani su soke juna, a maimaita sau da yawa da salansa, a maimaita babu ita, sa'an nan a mayar da ita a sake, kuma mai riƙe da agogo ya fi kyau a ɗauki hoton bidiyo a ƙirga daga baya, domin yatsan mutum kansa yana kuskuren kashi biyu daga goma na daƙiƙa, wanda ya fi ribar da ake nema. A kula da sa'a ƙwarai: tsakanin safiya mai digiri 25 da azahar ɗin bazara mai digiri 40, iska tana raguwa da kusan kashi 5 cikin ɗari a nauyi, ƙarfin injin fetur ya sauka da kashi 2 zuwa 3, saboda haka wanda ya gwada da salansa da rana ya kwance ta bayan magariba, sanyin yamma ya auna. Idan bambancin da aka samu tsakanin hali biyun bai fi bambancin da ke tsakanin fita da fita a hali guda ba, babu abin da ya tabbata. Bayan fita ta ƙarshe kuma, a kashe injin nan take ba tare da an bar shi yana aiki a tsaye ba, a kwance fulogi a miƙa wa usta ya duba launinsa.